Uwaye Bakwai a Numfashi Ɗaya

A Kubwa ta Abuja, in ka tambayi matan da suka daɗe a unguwa ina gidan Rekiya, sai su ce, "Wace? Mai dogon numfashi?" Sunan ya bi ta har yau, kuma babu sunan da ta tsana kamarsa. Mace ce gajera, kakkaura, mai faɗin baya, ga tumbi wanda ba ta taɓa jin kunyarsa ba sai rana ɗaya tak a rayuwarta. Wannan ranar ce ta ci mata abin da ta shekara talatin tana tarawa.

A wani ƙauye da ke bayan Kwali aka haife ta, a gidan masu ginin tukwane. Kakarta ce ta raine ta, wata tsohuwa mai faɗa da ke waƙa tana zagaya tukunya tana ɗora yumɓu, har masu wanki a rafi suna jiyo ta. Ranar da tsohuwar ta ga jikar tana kwaikwayonta, jijiyoyin wuya sun miƙe, kafaɗu suna hawa suna sauka, sai ta ajiye yumɓun ta ce mata cikin yarensu, "Ke, waƙa kike yi ko shaƙe ki ake yi?"

Ta kwantar da ita rigingine a kan tabarma, ta ɗora mata ƙaramar tukunya cike da ruwa a kan cibiya. Ta ce ta ja iska har tukunyar ta ɗaga ba tare da ƙirji ya motsa ba, sannan ta saki iskar a hankali har tukunyar ta sauka, kada ɗigo ɗaya ya zube. In ya zube a sake cikawa, kuma Rekiya ce mai zuwa rafi. Damina biyu ta yi tana sintiri tsakanin tabarma da rafi kafin ruwan ya daina jiƙa mata zani.

Tsohuwar ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta sha gyaran akuya, ta san yadda cikin jiki yake. Ta ce akwai wani faifan nama a shimfiɗe ƙarƙashin haƙarƙari, shi ya raba ƙirji da ciki. In ya sauka, huhu ya cika har ƙasa, ciki ya turo gaba, kwiɓi ya buɗe. Mai waƙa ba ta barin faifan nan ya koma sama a guje. Riƙe shi take yi, tana sakinsa kaɗan-kaɗan kamar mai zuba kananzir a fitila. Maƙogwaro hanya ce kawai, ba a dogara da shi. Shi ya sa, in ji ta, zanin mai waƙa ƙasa da cibiya ake ɗaura shi, kuma ba a tsuke shi.

Shekarar da soja suka koma bariki aka ɗaura mata aure da Sale, direban bas mai jigilar ma'aikata daga Kubwa zuwa cikin gari. Ɗaki ɗaya suka kama. A gidan da ke maƙwabtaka da su akwai Hajiya Safara'u, Bazazzagiya, zabiya mai ƙungiyar kiɗan ƙwarya, wadda ake gayyata suna da biki. Wata rana ta jiyo amaryar Sale tana waƙa tana wanke-wanke, ta leƙo ta kan katanga ta tsaya tana jiran inda yarinyar za ta tsaya ta ja numfashi. Da ta gaji da jira sai ta aika a kira ta. Sati bai zagayo ba Rekiya ta zama 'yar amshi, tana zaune a layin baya.

Abin da ya ɗaga sunan Hajiya Safara'u waƙa ɗaya ce, waƙar uwaye. Ranar kamu zabiya ke tsayawa a gaban amarya ta jero sunan uwar amaryar, da uwar uwarta, har uwaye bakwai, kowace da ɗan kirarinta, duk a numfashi ɗaya. Tsofaffi suna cewa in zabiya ta yanke a tsakiya ta tsinke igiyar dangi a bainar jama'a, kuma wadda aka tsaya a kan sunanta an ci mata fuska a kabarinta. Malamai sun sha cewa camfi ne. Matan sukan ce to, sun ji, amma dai kada a yanke.

Lokacin da Rekiya ta shigo, da ƙyar Hajiya ke kai bakwai. Bayan 'yan shekaru sai ta koma biyar, daga baya huɗu. Babu wanda ya sani, domin Rekiya ta samo dabara ba tare da an sa ta ba. Da Hajiya ta ɗauko waƙar sai ita ma ta ɗauko sautin daga baya, ta shimfiɗa shi ƙarƙashin muryar Hajiya, ta riƙe shi ɗoɗar tun daga uwa ta farko har ta bakwai. Hajiya ta saci numfashi sau ɗaya ko sau biyu a tsakiya, kunnen jama'a bai ji an yanke ba. A yi guɗa, a yi wa Hajiya liƙi, a ce tsohuwa har yanzu da sauranta.

Hajiya Safara'u ba muguwa ba ce. Ita ta yi wa Rekiya jinya a haihuwarta ta fari, kuma ba ta taɓa tauye mata rabo ba. Amma shekara goma sha uku ba ta taɓa juyowa ta ce sannu a kan wannan aiki ba, ko a ɗaki daga ita sai ita. Sau ɗaya Rekiya ta yi ƙarfin hali ta ce, "Hajiya, ko a ƙaramin biki ne, a bar ni in tsaya gaba sau ɗaya."

Hajiya ta dube ta ta ce, "Rekiya, Hausar bakinki ba ta nuna ba tukuna. Ki bari sai ta nuna."

Maganar ta tsaya mata a rai. Ba kuɗi take so ba, ba kuma gaban mota ba. So take ta tsaya a gaban amarya sau ɗaya, ta jero uwaye bakwai da numfashinta, jama'a su san na wane ne.

A cikin shekarun nan Abuja ta yi ƙiba. Inda ka bari da ciyawa sai ka dawo ka tarar da bene, kuma duk bene na uku ɗakin taro ne. Biki ya tashi daga tsakar gida ya koma inda sanyin na'ura ke sa tsofaffi tari. Manyan mata ba su yar da kiɗan ƙwarya ba, sun dai ware masa rana guda da suke kira ranar al'ada, a jera masu kiɗa a gefe ɗaya, tukwanen ado da ba a taɓa dafa komai a cikinsu ba a ɗaya gefen.

A wani ƙaramin biki a Kubwa, na 'yar wani masinja, shugabarsa ta wurin aiki ta zo yi masa kara. Hajiya Mashkura ke nan, darakta a wata ma'aikatar tarayya. Ta makara, kujerun gaba sun cika, aka sa mata kujera a baya, dab da 'yan amshi. Da aka gama waƙar uwaye ba ta bi layin masu liƙi ba, sai ta taɓa kafaɗar Rekiya.

"Baiwar Allah, ya sunanki?"

"Rekiya, ranki ya daɗe."

"Na ji abin da kike yi. A hannun kakata na tashi a Katsina, na san waƙar nan tun ina yarinya. 'Yata Nabilah za ta yi aure wata mai zuwa. Ke nake so a gaba. Ku zo dukanku, amma ke za ki tsaya."

Rekiya ta yi ta goga tafin hannu a zani. Da labari ya kai ga Hajiya Safara'u, ta daɗe tana kallon ƙwaryar da ke gabanta, sannan ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Ranar ki ci abinci da wuri, kada ki cika ciki."

Aka aiko da sunayen a takarda, Sale ya karanta mata har ta haddace. Kullum bayan asuba takan fita bayan gida ta jero su. Tana kai ta bakwai da sauran iska a cikinta wadda za ta isa uwa biyu. Ba ta taɓa jin daɗin duniya kamar a wannan watan ba.

Sai maganar anko ta taso. Uwar amarya ta ɗauki nauyin ɗinkin masu kiɗa duka, amma na mai tsayawa gaba daban ne, leshi ruwan zuma, da irin ɗinkin da ake yayi a lokacin, mai ƙasusuwan roba a jere daga ƙirji zuwa ƙugu, da zif a baya. Aka ce ta je Durumi wurin telan gidan, wani mai suna Philip, a gwada ta.

Ta tarar da ƙawayen amarya cike da shagon, sirara, sai ƙamshi suke, kowace da waya a hannu. Philip yana zagaya su da tef yana faɗin awon da ƙarfi ana rubutawa. Da layi ya zo kanta ta ajiye mayafi ta tsaya. Wata daga cikin 'yan matan ta ɗago ta dubi cikinta, ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu, suka yi dariya. Wataƙila ma abin da ke cikin wayar suke wa dariya, Allah kaɗai ya sani. Rekiya dai ta ji fuskarta ta ɗau zafi. Tef na zuwa kan cibiya ta fitar da iska, ta janye cikin. Kuma duk Abuja babu macen da ta iya sarrafa naman cikinta kamarta, don haka da ta janye shi sai ya shige sosai.

Philip ya daɗe a sana'ar, ya tsaya ya dube ta. "Mama, ka saki ciki o. Wannan ɗinki ba shi da tausayi. Yadda na auna, haka zai kama ka."

"Haka nake," in ji Rekiya.

"Ka tabbata, Mama?"

"Na ce maka haka nake, oga tela."

Ya ɗaga kafaɗa ya faɗi awon, aka rubuta. Tana cikin bas ɗin komawa Kubwa abin ya ɗan dame ta, amma ta ce a ranta ai teloli kullum sukan bar sarari, kuma in aka kawo rigar za ta gwada tun da wuri. Rigar ba ta iso ba sai ranar kamun, bayan azahar, a ɗakin shiri da ke bayan zauren taro.

'Yan amshi biyu ne suka taru a kan zif ɗin, ɗaya tana haɗa bakin riga, ɗaya tana ja. Da ya hau, Rekiya ta dubi madubi ta ga wata mace mai ƙugu wadda ba ta taɓa gani ba. Ta yi kyau, kuma ta ji daɗi, babu amfanin ɓoyewa. Sai ta gwada jan numfashi. Iskar ta shiga ta tsaya a ƙirji. Faifan ya nemi sauka ya tarar babu wuri, kwiɓi ya nemi buɗewa ƙasusuwan roba suka mayar da shi. Ta ga kafaɗunta a madubi sun ɗaga.

Ta jawo jakarta ta fito da zaninta na kullum. Mai tsara bikin, wata matashiya mai waya a maƙale a kunne, ta hango ta. "Anti, please, me kike yi? Babu mai hawa dandamali ba anko. Hajiya Mashkura da kanta ta zaɓi leshin nan."

Hajiya Safara'u ta ce, "A zuge mata zif ɗin rabi, ta yafa mayafi a kai. Ba ta iya waƙa a haka."

Mai tsara bikin ta ce, "Mama, akwai kyamara ta baya, ga manyan allon talabijin huɗu a ciki. Kowa zai gani."

Nan ma da Rekiya ta dage, da an bar ta, domin babu wadda za ta maye gurbinta. Amma ajiye ankon da uwar amarya ta zaɓa da hannunta kamar mayar mata da kyauta ne a fuska. Ga kuma matar da ke cikin madubi. Ta ce a ranta numfashin shekara talatin ba zai faɗi a hannun yadi biyar na leshi ba. Da bakinta ta ce, "A bar shi. Zan iya."

Bayan la'asar aka shigo da amarya a lulluɓe. Aka ba Rekiya makirufo, shi kaɗai aka tanada wa masu ƙwarya. Kiɗa ya tashi, ta tsaya a gaban Nabilah, ta ja iya abin da rigar ta yarda ta ja, ta ɗauko. Mashkura ta fita lafiya da kirarinta. Ummukulthum, uwar Mashkura, ta fita, amma tuni iskar ta yi rabi, kuma Rekiya ta ji waƙar ta hau maƙogwaro, jijiyoyin wuyanta sun miƙe kamar na yarinyar da kakarta ta yi wa tsawa. Ta uku ita ce Zaituna, kakar da ta raini Hajiya Mashkura a Katsina. Rabin sunan ne ya fito. Sauran ya zama wani tari busasshe, lasifika ta ɗauke shi ta raba wa kowane lungu na zauren.

Mai kula da sauti, wani saurayi mai suna Musaddiq, bai yi wata-wata ba ya sa wata waƙar zamani da ƙarfi, 'yan mata suka miƙe. Yawancin zauren ba su ma lura ba, suna kan shinkafa da ɗaukar hoto. Amma tsofaffin da aka ɗauko daga Katsina sun lura, suka rufe baki da mayafi. Hajiya Mashkura ta kalli Rekiya kallo ɗaya, sannan ta sunkuyar da kai tana share ido. Ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kuma sake yi mata magana ba har abada. Direban Hajiya Mashkura ne ya mayar da su Kubwa.

Rekiya ba ta koma ƙungiyar ba, kunya ta hana ta. A wannan tsakanin aka hana ƙananan bas shiga cikin gari, Sale ya koma zaman gida yana sauraron rediyo. Sai ga Musaddiq ya yi sallama wata rana da hantsi, ya durƙusa ya gaida su da ladabi.

"Anti, abin da ya faru ba komai ba ne, wallahi. Matan manya sun ga bidiyon farkon waƙar, kowace tana tambayata waƙar uwaye. Ki zo situdiyo mu ɗauka. A wurin biki ke dai ki sa kaya ki riƙe makirufo, sauran aikina ne."

Ta je. Ta ɗaura zaninta ƙasa da cibiya, ta ce a kunna, za ta yi bakwai ɗin a tafi ɗaya, ko ba komai na'ura ta shaida. Musaddiq ya yi murmushi ya ce ba haka ake yi ba. Kowane biki da sunayensa. Ta faɗi suna ɗaya ta huta, ta faɗi kirari ɗaya ta huta, shi zai haɗa su a kwamfuta yadda ko likita ba zai gane inda aka ɗinke ba. Kwana uku tana zuba masa sunayen mata, tun daga Dije da Kande har sunayen da ba ta taɓa ji ba.

Abin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Da matan Abuja suka gane cewa babu iyaka sai gasa ta tashi. Wannan ta kawo uwaye tara, waccan ta kawo goma sha biyu. Akwai wadda ta kawo goma sha huɗu, rabinsu a mota ta ƙirƙiro su. Rekiya tana tsaye a tsakiyar haske cikin riga mai ƙasusuwa, makirufo a kashe, tana motsa baki, ana zuba mata kuɗi ana cewa ba a taɓa ganin numfashi irin wannan ba. A lokacin ne aka sa mata sunan. Suka bar ɗaki ɗaya suka koma gida mai ɗaki uku, Sale ya sami mota ta kansa. Fitar bayan asuba kuwa ta daina, don ba ta ga wanda za ta yi dominsa ba. Har ɗamarar matse ciki ta saya tana sawa ran da babu biki, saboda rigunan su riƙa shiga ba wahala. Haka aka shekara shida.

Wata ranar Asabar aka aiko daga gidan Hajiya Safara'u. Tsohuwar ta daina tafiya, jikarta ce za a yi wa kamu a tsakar gida, babu lasifika, babu mai tsara biki. Rekiya ta same ta a jingine da bango an tokare ta da matashi.

"Rekiya," in ji ta, "ban taɓa roƙonki komai ba. Ki yi wa yarinyar nan uwayenta. Ni na san wadda ke riƙe da ni duk shekarun nan, ban dai faɗa ba ne."

Rekiya ta ji hawaye ya zo mata. Ta shiga ɗaki ta kwance ɗamarar, ta ari zani ta ɗaura ƙasa da cibiya. Sunayen ba su yi mata wuya ba, ta sha jin su a bakin Hajiya. Mata suka cika tsakar gidan har soro, ana ta raɗa cewa yau za a ji mai dogon numfashi ido da ido. Aka kifa ƙwarya a ruwa, kiɗa ya tashi.

Ta ja iska, cikin ya turo, kwiɓi ya buɗe, ta ji daɗi ya ratsa ta. Ta ɗauko. Amma faifan da ya shekara shida ba a sa shi aiki ba ya ƙi riƙuwa. Rawa ya fara yi tun a uwa ta biyu, a ta uku ya kuɓuce mata ya koma sama, iskar ta zube gaba ɗaya. Ta huɗu ba ta ko fara ba. Masu ƙwarya suka buga sau biyu suka tsaya. Hajiya Safara'u ta rufe ido.

Wata mata mai kirki daga cikin maƙwabta ta yi sauri ta rufa asiri. "Ayya, Anti ta gaji ne, jiya ma tana wurin biki. Ku bari, ina da ta ainihin a waya."

Ta kunna ta ɗaga sama. Muryar Rekiya ta cika tsakar gidan, santala, babu yankewa, tana jero wa jikar Hajiya Safara'u uwayen wasu mutane da ba wanda ya sani a gidan. Mata suka ɗau guɗa. Rekiya tana tsaye a gaban amaryar, hannu a kan ciki, sai ta ji leɓɓanta sun fara bin waƙar da kansu.